Injiniyoyin da suka duba dam ɗin gonarmu: abin da na samu da abin da ban samu ba

A gonar da muka gada daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a kudancin jihar Kano, akwai wani ƙaramin dam na ƙasa wanda ya tare wata ƙorama da ba ta gudu sai da damina. Tsawon bangonsa mita 180 ne, tsayinsa kuma a wurin da ya fi zurfi ya ɗan haura mita 6. Marigayi ya yi hayar katafila ne aka tara masa ƙasar a farkon shekarun 1990, ba tare da zane ko awon injiniya ba, kamar yadda mutane da yawa suka yi a wancan lokaci bayan sun ga abin da dam ɗin Tiga da sauran madatsun zamanin Audu Bako suka yi wa noman rani a ƙasar Kano. Da ruwan dam ɗin nan muke noma tumatir da albasa da tattasai, a nan shanunmu da na maƙwabta suke sha, kuma duk shekara muna fitar da tarwaɗa da karfasa. Kimanin rabin kilomita a ƙasa da shi, a bakin ƙoramar, akwai wata unguwa mai gidaje goma sha wani abu, da hanyar da yara ke bi zuwa makaranta.

Wannan rubutu bayani ne a kan aikin da wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi ya yi mini na duba lafiyar dam ɗin, da ba da shawara, da sa ido a kan gyaransa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai wuraren da zan kushe aikinsu, kuma ba mutanen nake son mai karatu ya riƙe ba, irin aikin nake son ya sani. Masu irin wannan dam suna da yawa a Arewa, kuma a iya sanina kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa kiran masani ya taka bangon da ƙafarsa.

Abin da ya tayar da ni shi ne ambaliyar Maiduguri ta ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda ya ɓalle cikin dare ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin ɓallewar dam ba, domin dattawanmu har yanzu suna ƙirga shekaru daga watan Agustan 1988 da dam ɗin Bagauda ya fashe. Kwanaki kaɗan bayan abin da ya faru a Maiduguri, mai unguwar mutanen da ke ƙasa da mu ya zo gona ya same ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, ba ƙara na kawo ba, amma mata sun daina barci idan hadari ya haɗu. Wancan wurin da kachala ta fito a gindin dam, tun yaushe yake jiƙe?" Na san wurin, na kuma san cewa ko a tsakiyar bazara ba ya bushewa, amma ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Tambayar tasa ce ta sa na fara neman wanda zai duba.

Samun wanda ya san aikin ya ɗan yi wuya. Injiniyoyin gini da na hanya suna ko'ina, amma wanda ya taɓa aikin madatsar ƙasa ba shi da yawa, kuma mutum biyu da na fara tuntuɓa tun a waya suka fara yi mini lissafin buhunan siminti, alhali ba su ga wurin ba. Wanda na tsaya a kansa dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin madatsu kafin ya yi ritaya ya buɗe ofishinsa tare da matasa biyu. Na nemi ya nuna mini shaidar rajistarsa da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya nuna ba tare da ya ɓata rai ba, kuma ina ba duk wanda zai ɗauki irin wannan aiki shawarar ya nemi ganin takardar. Abu na farko da ya burge ni shi ne ya ƙi yarda da zuwa sau ɗaya. Ya ce dam na ƙasa sau biyu ake ganinsa: idan ya cika, domin a ga inda yake tsattsafowa, da kuma idan ruwa ya ja, domin a ga fuskar da ruwa ke rufewa. Saboda haka suka zo a watan Nuwamba, suka sake dawowa a watan Maris.

A zuwan farko sun kwana biyu. Ba su zo da manyan na'urori ba, sai abin awon tudu da kwari irin na safiyo, da tef, da doguwar sandar ƙarfe, da kwalabe. Sun taka doron dam ɗin daga wannan ƙarshe zuwa wancan suna auna tsayinsa duk bayan mita 10, sannan suka sauko suka bi gindinsa taki-taki, suna soka sandar a ƙasa domin su ji inda ta yi laushi. Sun daɗe suna hira da Baba mai gadi, wanda ya fi shekara ashirin yana kwana a wurin, kuma na lura injiniyan ya rubuta maganarsa da muhimmanci fiye da tawa. Shi ne ya nuna musu iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi yin ruwa, ya kuma gaya musu cewa a daren ya tsaya a kan doron yana jin igiyar ruwa tana taɓa masa ƙafa. Ni ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Da yamma muka zauna a ƙarƙashin bishiya, injiniyan ya ce mini, "Alhaji, wurin da ka kira ni dominsa matsala ce, amma ba shi ne zai fara cin dam ɗin nan ba." Ya kai ni mafitar rarar ruwa, wato hanyar da aka yanka a gefen dam domin ruwa ya bi ya wuce idan ya cika. Shekaru bakwai da suka wuce na sa an jera bulo layi biyu a bakinta, muka ƙara da buhunan yashi, domin ruwan ya ƙara tsayi ya kai mu ƙarshen watan Afrilu. Wannan ya ɗaga ruwan da kusan rabin mita. A ɗaya ɓangaren kuma awonsu ya nuna cewa doron dam ɗin ya lotsa da santimita 40 a daidai inda shanu suke hawa su gangara, domin kofato ya cinye wurin a hankali. Idan aka haɗa biyun, tazarar da ta rage tsakanin ruwa idan ya cika da wurin da ya fi ƙasa a doron ba ta wuce santimita 60 ba, alhali shi abin da yake so ya gani a dam irin nawa aƙalla mita ɗaya da rabi ne.

Sai ya yi mini wani lissafi a bayan takarda, wanda a ganina shi kaɗai ya biya kuɗin zuwansu. Ya ce ruwan sama na milimita ɗaya idan ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan, wato kubik mita 10, kuma kowace kubik mita duro biyar ce. Faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin dam ɗina, yadda suka auna a hoton tauraron ɗan'adam, ya kai hekta 300. Idan aka yi mamakon ruwa na milimita 80 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, kubik mita 240,000 ne suka sauka. Ko da kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya gangaro, sauran ƙasa ta shanye, an sami 80,000. Shi kuwa dam ɗin gaba ɗayansa, a ƙiyasinsu, abin da yake ɗauka bai wuce 75,000 ba. Ma'ana, ruwan dare ɗaya zai iya kawo abin da ya fi cikin dam ɗin, kuma idan ya tarar da shi a cike, duk wannan ruwa dole ya bi ta mafitar da na toshe, ko kuma ya haura ta kan bango.

Ya bayyana mini cewa bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Da zarar ya haura, sai ya fara yanka ƙaramar rariya a bayan bangon, rariyar ta yi ta zurfi tana cin baya har ta iso ga ruwan, daga nan kuma babu mai iya tsayar da ita, domin ƙaramin dam yana iya tsagewa cikin ƙasa da awa ɗaya. Ya ce hanyoyi biyu ne suka fi kashe madatsun ƙasa a duniya: haurawar ruwa ta sama, da zaizayar da ke faruwa a cikin jikin bangon inda ido ba ya gani. Nawa yana da alamun duka biyun. Maganar ta yi mini nauyi, domin ruwan da na tare da bulon nan shi ne ribar noman ranina, amma ban ga inda zan kama in musanta lissafin ba. A washegari, tun kafin su tafi, na sa yara suka kwashe buhunan.

Batun tsattsafowar ruwa shi ne inda na fi ƙaruwa, kuma shi ne inda na ga bambancin masani da mai tsammani. Ni da ɗan kwangilar da na saba da shi mun riga mun yanke shawarar a kawo tifa biyu ta yumɓu a danne wurin da yake jiƙe. Injiniyan ya ce wannan shi ne mafi munin abin da za mu iya yi. A cewarsa babu dam ɗin ƙasa da ba ya tsattsafowa, domin ruwa yana ratsa ƙasa komai daddaɓarta. Abin tambaya kawai shi ne ko ruwan yana fita shi kaɗai ne, ko yana ɗauke da ƙasar bangon. Idan aka toshe masa bakin fita da yumɓu, ba a hana shi shigowa ba, sai dai ya taru a cikin bangon ya jiƙa shi, ya nemi wata hanya a sama da ta farko, har wata rana bayan dam ɗin ya zame. Abin da ake yi shi ne a ba shi hanya amma a hana shi tafiya da ƙasa: a shimfiɗa yashi mai tsabta a kan wurin, a ɗora tsakuwa, sannan a danne da duwatsu, ruwan ya tace ya wuce, ƙasa ta tsaya. Idan za a toshe, to ta fuskar ruwa ake toshewa, can inda yake shiga.

Ya ɗebi ruwan da ke fitowa a kwalba ya ajiye a inuwa, bayan awa biyu ya nuna mini. Garau yake, babu laka a gindin kwalbar, kuma ya ce wannan labari ne mai daɗi. Sai ya sa aka tattara ruwan wuri ɗaya da guntun bututu, ya koya wa ɗan Baba mai gadi yadda zai tara bokiti ya duba agogo ya rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya cika, sau ɗaya kowace Juma'a, tare da tsayin ruwan dam a ranar. Ya ce abubuwa uku ne za su sa a kira shi ko da tsakar dare ne: ruwan ya yi duhu ko ya fara barin laka a kwalba, ko bokitin ya fara cika da sauri alhali ruwan dam bai ƙaru ba, ko a ga rami ya faɗa a doro ko ruwa yana juyawa a wuri ɗaya kusa da bango. Ya kuma jefa ɗan busasshen curin ƙasar bangon a kofin ruwan sama domin ya ga ko za ta narke ta yi hazo da kanta, irin ƙasar da ba ta riƙe dam; tamu ta farfashe amma ruwan bai gurɓace ba.

Bishiyoyi ne suka fi ba ni wahalar rabuwa. A bayan bangon akwai darbejiya guda tara da bagaruwa da dama, wasu mahaifinmu ne ya dasa su da hannunsa da niyyar saiwarsu ta riƙe ƙasa, kuma haka kowa ya yi imani a ƙauyen. Injiniyan ya ce a gaɓar rafi haka ne, amma a jikin dam saiwa ruwa take nema, saboda haka tana ratsa bangon zuwa ga ruwan. Ranar da bishiyar ta mutu saiwar za ta ruɓe ta bar rami kamar bututu, idan kuma iska ta tumɓuke ta za ta tafi da wani yanki na bangon. Bai yarda a sare manyan a bar kututture ba. Ya ce a jira ruwa ya ja, a tono saiwar, a cike ramin da ƙasa mai kyau ana daddaɓawa kaɗan-kaɗan. Haka ya ce game da suri biyu na gara da ramukan gafiya da suka gano da aka share ciyayi. A madadin bishiyoyin ya ce a shuka kiri-kiri, wadda ke shimfiɗuwa ta riƙe fuskar ƙasa ba tare da ta ɓoye wa mai dubawa komai ba, a kuma riƙa yanke ta. Na tambaye shi ko za a bar mini ko da biyu daga cikin na marigayi, ya ce, "Alhaji, da zan iya da na bari, amma ba zan sa hannu a takardar da ta ce a bar su ba." Na girmama wannan amsa.

A zuwan watan Maris suka duba fuskar ruwa, inda igiyar ruwa ta ci bangon ta yi masa mataki, suka kuma duba bututun ƙarfen da muke sakin ruwa da shi zuwa lambu. Bututun ya ratsa ta ƙarƙashin bangon, makullinsa kuma yana can waje a ƙarshensa, wanda ke nufin kullum cike yake da ruwa mai ƙarfi a cikin jikin dam ɗin, kuma ya haura shekara talatin yana tsatsa. Shawararsu ita ce a cike shi da siminti a daina amfani da shi, a koma zuƙo ruwa da bututun roba da za a ɗora ta kan doro. Sun kuma gargaɗe ni kada in taɓa zuƙe ruwan dam da gaggawa sai da larura, domin idan ruwa ya ja da sauri ya bar bango a jiƙe, fuskar ruwan tana iya zamewa.

Yanzu ga inda aikin nasu ya gaza. Rahoton da suka yi alkawarin kawowa cikin mako uku sai da ya kai mako bakwai, kuma wannan jinkiri ba ƙarami ba ne ga mai son ya gama aikin ƙasa kafin ruwan farko. Da ya zo, shafi talatin ne da Turanci, cike da kalmomin da ko ɗana da ya gama jami'a sai da ya nemi ma'anarsu. Mutumin da ya yi mini bayani da Hausa mai daɗi a ƙarƙashin bishiya, har Baba mai gadi yana gyaɗa kai, shi ne ya kawo takardar da babu wanda zai iya karantawa cikin waɗanda ke kwana kusa da dam ɗin. Sai da na roƙi wani malamin makarantar firamare ya zauna da ni muka fitar da shafi biyu da Hausa, aka kuma rubuta da ajami domin Baba. Wannan aiki ne da ya kamata ya zo cikin kuɗin da na biya.

Shafin da ya yi magana a kan abin da za a yi idan dam ya fara ɓallewa shi ne mafi rauni a rahoton. Da ganinsa an san daga wani rahoto aka kwafo shi: ya ce a sanar da hukumomin da abin ya shafa, a kwashe jama'a zuwa wuri mai tudu. Bai faɗi wane tudu ba, bai faɗi wa zai buga wa wa waya ba, bai san cewa a cikin gidajen nan akwai tsofaffi biyu da ba sa iya tafiya ba, kuma a duk zuwansu biyu ba su taka unguwar sun gaisa da mai unguwa ba, alhali saboda mutanensa ake aikin gaba ɗaya. Da na yi wa injiniyan ƙorafi ya karɓa, ya ce gaskiya ne, amma gyaran mu muka yi shi. Muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar La'asar, muka tsayar da cewa ladan zai yi shela da lasifikar masallaci, filin Idi ne wurin taruwa, muka kuma sa wa kowane tsoho matasa biyu da za su ɗauke shi. Na gaya musu duk abin da aka gano ba tare da na rage komai ba, har da batun bulon. Malamai sun sha karanta mana cewa ba cuta ba cutarwa, kuma ruwan da na tara a saman gidajen mutane ba sirrina ba ne ni kaɗai.

Akwai kuma iyakar abin da binciken ya iya gani, kuma a nan na yaba musu da suka faɗa da bakinsu. Ba su haƙa bangon sun ɗebo ƙasar cikinsa ba, domin kuɗin kawo injin haƙa ya fi ƙarfin aikin, saboda haka ba su iya tabbatar mini ko an yi wa dam ɗin zuciyar yumɓu ba, wato yumɓun da ake daddaɓawa a tsakiyar bango domin ya rage ratsawar ruwa, ko an haƙa masa tushe har zuwa ƙasa mai tauri. Bayanan ruwan sama da suka yi lissafi da su ma daga tashar awo mai nisa suka samo, domin babu wanda ya taɓa auna ƙoramarmu. Sun rubuta wannan a fili, suka ce saboda haka ne suka faɗaɗa mafitar fiye da abin da lissafi ya bayar. Na fi son wanda zai gaya mini iyakar saninsa a kan wanda zai ba ni tabbacin da ba shi da shi.

Sa ido a kan gyaran shi ne ɓangare na uku na yarjejeniyarmu, kuma ya zo da gauraye. Ƙa'idar da suka gindaya mai kyau ce: a kankare saman tsohuwar ƙasa kafin a ɗora sabuwa domin su kama juna, a zuba ƙasa kaurin da bai wuce santimita 20 ba, a yayyafa ruwa har ta kai idan ka dunƙula a hannu ta riƙe ba tare da ta manne ba, rola ta bi sau da yawa, sannan a ƙara wata. Amma yaron da suka turo ba kullum yake zuwa ba, kuma a kwanaki ukun da bai zo ba masu aikin suka zuba ƙasa kusan rabin mita a lokaci ɗaya, busasshiya, suka bi da katafila sau biyu suka ce an gama. Da injiniyan ya zo ya soka sandarsa ta nutse, sai ya sa aka kwashe wajen mita 25 aka sake. Ya tsaya kai da fata, wannan na yaba, amma ni na biya man da aka ƙona sau biyu. Da zan sake, zan sa a rubuta cewa ba za a zuba ko tifa ɗaya ba sai mai sa ido yana tsaye.

Game da kuɗi, abin da na biya na dubawa da rahoto bai kai kuɗin bijimi ɗaya ba, sai dai ba su gaya mini tun farko cewa mota da masauki a kaina suke ba, kuma ya kamata su faɗa. Gyaran shi ne mai tsada: ɗaga doro, faɗaɗa mafita daga mita 6 zuwa mita 14 da jera mata duwatsu a cikin kejin waya inda ruwa ke faɗawa, jera dutse a fuskar ruwa, da kewaye bangon da waya tare da gina wa shanu mashaya a gefe. Wannan ya cinye ribar noman rani ɗaya har da ƙari. Akwai kuma asarar da za ta ci gaba, domin cire bulon ya rage mana ruwan kusan mako uku a ƙarshen rani, dole na rage faɗin albasar da nake sakawa a makare. Duk wanda zai kira irin waɗannan mutane ya shirya jin abin da zai taɓa aljihunsa.

A daminar 2025 an yi wani ruwa a watan Agusta da ya fara bayan Isha'i bai tsaya ba sai gab da Asuba. Na tafi da tocila na tarar da Baba a kan doro. Mafitar tana gudu daga gefe zuwa gefe da ƙara kamar ta kogi, amma a sandar awon da aka kafa ruwan bai zo kusa da doron da ƙasa da mita ɗaya ba, kuma kwalbar da ɗan Baba ya ɗebo daga gindin dam da safe garau take. Damina ɗaya ba ta isa shaida ba, injiniyan ma haka ya ce da na buga masa waya, amma na san inda ruwan daren nan zai kai da bulon yana nan.

Ga mai ƙaramin dam na ƙasa, musamman wanda akwai gida ko hanya a ƙasa da shi, ina ba da shawarar ya nemi irin wannan aiki, kuma ko wannan kamfani ne zan sake ɗauka, amma da sharuɗɗa a rubuce: ranar kawo rahoto, taƙaitaccen bayani da Hausa, zama da mutanen da ke ƙasa da dam, da mai sa ido a kowace ranar zuba ƙasa. Har yanzu da sauran aiki a namu. Ba a cike tsohon bututun ba tukuna, sai ruwa ya ja a bazara mai zuwa, kuma laka ta cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin dam ɗin, abin da ke buƙatar a yi maganin zaizaya a gonakin da ke sama da mu, waɗanda ba nawa ba ne. Injiniyan zai dawo a watan Nuwamba idan Allah ya kai mu, kuma ya ce abin da zai fara nema shi ne littafin da ɗan Baba ke rubuta awon bokiti a cikinsa.